Sharhi: Fumfuna Na Cinye Ribar Fataken Hatsi a Filato

JOS – Da dama daga cikin fataken masara na Jos da Bukuru da Mangu sun ɗauka cewa sanyin Filato ya isa ya kare hatsinsu daga fumfuna. Wannan zato kuskure ne mai tsada.

Gaskiya ne Jos na bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma fumfunar Aspergillus flavus, wadda ke fitar da gubar aflatoksin, ta fi bunƙasa a zafin digiri 25 zuwa 35. To amma akwai wata, Fusarium, wadda sanyi da laima ba sa hana ta, tana kama masara tun a gona cikin ruwan damina. Haka kuma, motar da ta gangaro daga Filato zuwa Lafiya ko Kano, buhuna lulluɓe da tamfol, ta kai kayan cikin zafin da Aspergillus ke so.

Abincinta kuwa hatsin ne kansa: garin masara da man gyaɗa. Ƙwayar da ta fashe, ko wadda ƙwari suka huda, ita ce ƙofar shigarta. Da zarar damshin masara ya haura kashi 14 cikin 100, sito ya zama gonarta.

Asarar ba ƙarama ba ce. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila saboda gurɓataccen ƙuli-ƙulin gyaɗa. A 2004 masara mai wannan guba ta hallaka mutum 125 a Kenya. Masu kiwon kaji na Jos, waɗanda masara ce jigon abincin kajinsu, su ne na farko a layin asara: ƙwai ya ragu, kaji su tsumbure.

Tushen matsalar shi ne farashi. Muddin ana sayen busasshiyar masara da mai danshi kuɗi ɗaya, manomi ba zai ɓata kwanaki yana shanya ba, tunda shanya na rage nauyi. Falke kuwa ruwa yake saya da kuɗin hatsi.

Saboda haka ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su tanadi na'urar auna danshi a kowace kasuwar hatsi, su ƙara wa busasshen kaya daraja, su riƙa jera buhuna bisa katako nesa da bango, sannan su ƙarfafa wa manoma amfani da Aflasafe, maganin da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar. Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi araha.