Ba Arha Ke Sa Abincin Waje Ya Cutar Ba



Makon jiya wata 'yar'uwa ta bar mini tambaya a ƙasan rubutuna. Ta ce maigidanta ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, tun ƙarfe takwas yake fita, sai bayan magariba zai dawo, don haka kullum abincin rana wajen mai abinci yake saye. Yaranta biyu kuma kuɗin tara ake ba su, su sayi awara ko ɗanwake a ƙofar makaranta. Ta ce abin yana damunta ta fuska biyu: tana tsoron kada su kwaso ciwo, kuma tana jin kamar ita ce ta gaza a matsayinta na uwargida. Ta tambaye ni, a matsayina na ma'aikaciyar jinya, ko ta tsaya tsayin daka ta hana.

'Yar'uwa, bari in fara da tona wa kaina asiri. Ni ma ina ci. Duk wanda ya taɓa aikin dare a asibiti ya san yadda yunwa take kama mutum da misalin ƙarfe biyu, lokacin da ba kowa a waje sai mai shayi da fitilarsa. Idan na tashi aiki da safe kuwa, akwai wata dattijuwa da muke kira Inna, tana toya masa a bakin hanya. Shekara huɗu ke nan ina tsayawa wajenta, ban taɓa ko ciwon ciki ba. Saboda haka ba zan ce ki hana ba. Abin da zan gaya miki, da duk mai karatu, shi ne yadda ake zaɓen wurin da za a ci, domin ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Mu fara gaya wa kanmu gaskiya. Cin abinci a waje ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun tashi da ƙosai da koko na maƙwabta, da gurasar Jakara, da masar da ake aiken yaro ya sayo da sassafe, da tsiren da maigida yake shigowa da shi da dare. Kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, komai ya tashi, gas da gawayi da kayan miya, har ta kai ga mutum ɗaya ya sayi faranti guda na garau-garau ya fi masa sauƙi a kan ya ɗora tukunya. Ɗalibi, direba, lebura, gwauro, ma'aikaciya mai fita tun asuba, duk da wannan abincin suke rayuwa. A ɗaya ɓangaren kuma, mata nawa ne suke riƙe marayu da kaskon tuya? Wanda ya ce a daina cin abincin waje gaba ɗaya, bai san halin da ake ciki ba.

Akwai wata rana da aka kawo mana yaro ɗan shekara shida yana ta amai, tare da yayarsa, ita ma haka. Mahaifiyarsu tun daga ƙofa take faɗa, wai mai ƙosan layinsu ce ta cuce ta, kuma sai ta je ta same ta. Da hankalinta ya ɗan kwanta na ce, "Maman yara, su wa da wa suka ci ƙosan?" Ta ce duk gidan, mutum bakwai. Na ce, "To me waɗannan biyun suka ci wanda sauran ba su ci ba?" Sai ta yi shiru, can ta ce akwai sauran shinkafar jiya da rana, ta kwana a tukunya saboda babu wuta balle a sa a firji, da hantsi ta ɗumama musu. Kafin azahar suka fara amai.

Akwai ƙwayar cuta da ake kira Bacillus cereus, wadda take son dafaffiyar shinkafa da aka bari ta huce ta daɗe a ajiye. Tana hayayyafa ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe wannan gubar. Cikin awa ɗaya zuwa shida da ci sai amai. Alamun yaran nan duk can suka nuna. Ƙosan da aka tsamo daga tafasasshen mai aka miƙo da zafinsa ba shi da laifi. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Haka nan idan aka ce mutum yana da taifod, sai ka ji ya ce ai abincin da ya ci jiya a tasha ne. Taifod ba ya bayyana a kwana ɗaya. Yawanci yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku bayan ƙwayar ta shiga jiki, kuma sau da yawa ta ruwan sha take shiga, har da na randar gida.

Ni kuwa ciwon ciki mafi tsanani da na taɓa yi, a wani gidan abinci na 'yan gayu na samo shi, mai na'urar sanyaya ɗaki da ma'aikata masu inifom. Mu huɗu muka je taya wata abokiyar aikinmu murnar ƙarin girma. Mu uku muka ci haɗin kabeji da latas mai kirim, mu ukun muka kwana muna zarya, wadda ba ta ci ba lafiya lau ta tashi. Kuɗin farantin nan ɗaya zai saya mini masar Inna ta mako guda. Tun ranar na daina auna tsafta da tsada.

To me za ku duba? Abu huɗu nake dubawa kafin in miƙa kuɗina.

Na farko zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abincin da zafinsa yake tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a wuta ba, ba a firji ba. Ba wanda yake yawo da ma'aunin zafi a aljihu, amma kowa yana iya ganin tururi. Abin da aka toya ko aka gasa a gabanku, masa daga tanda, ƙosai da awara daga kasko, ɗanwake daga tukunya, indomi da ƙwai a teburin mai shayi, shi ne ya fi aminci. Abin tsoro shi ne shinkafa da miya ko taliya da aka zuba a kula tun safe, la'asar ta yi ana buɗewa ana rufewa, ba zafi ba sanyi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano yake kaiwa digiri 40, irin wannan abincin ba ya jimawa yake juyawa. Idan tsire za ku saya, ku ce a mayar da shi kan wuta ya yi zafi sosai har ciki, kada a ɗan gwada masa wuta kawai a yanka.

Na biyu hannu. Ku ɗan tsaya ku kalli mai sayarwa na minti biyu kafin ku yi magana. Da ludayi ko cokali take zubawa, ko da hannu? Hannun da ya karɓi kuɗi shi ne yake yanka albasa? Akwai ciwo ko ƙurji a yatsunta? Abin da ya sa na amince da Inna shi ne jikarta ce take karɓar kuɗi, ita kuwa ba ta taɓa komai sai cokalin juya masa. Kada kuma ku manta da naku hannun. Robar ruwa guda da mutum goma suka tsoma hannu a ciki ba wanke hannu ba ne, raba datti ne. Ku nemi buta a zuba muku, da sabulu idan akwai. Ni ɗan guntun sabulu ba ya rabuwa da jakata.

Na uku ruwa. Ku leƙa inda ake wanke kwanuka. Idan bokiti ɗaya ne tun safe, ruwan ya yi kauri da mai, to farantin da za a ba ku daga cikinsa ya fito. Mafita mai sauƙi ce: ku je da kwanonku ko ƙaramar kula daga gida. Wannan ya raba ku da zuba miya mai zafi a baƙar leda, ya kuma raba ku da naɗe nama a tsohuwar jarida, wadda tawadarta ba abin ci ba ce. Ku duba kuma ko teburin yana bakin kwata, ko abincin a rufe yake, domin ƙudan da ya sauka a kan gurasa ba daga wuri mai kyau ya taso ba.

Na huɗu jama'a. Wurin da ake layi, tukunya ba ta daɗewa take ƙarewa a ɗora wata. Wurin da ba kowa kuwa, ku tambayi kanku tun yaushe abincin yake zaune. Mai abincin da ta yi shekaru a wuri ɗaya, 'yan unguwa suna aiken yaransu wajenta, tana da sunan da take tsoron ɓatawa. Wannan ya fi kowane allo mai rubutu.

Akwai abu biyu da suke ɓata abinci mai kyau, kuma mutane ba su cika lura da su ba. Ɗaya shi ne ɗanyen ganye. Tsire ya gasu sarai, bandashe ya ji ƙuli da mai, sai a kawo kabeji da tumatir da kokwamba da aka yanka tun rana, ba a san ruwan da aka wanke su da shi ba, a barbaɗa a kai. Ku ce a bar shi, in kun isa gida ku wanke naku ku yanka. Ɗayan kuma abin sha ne. Zoɓo da kunun aya da lemon ƙulli suna da daɗi a lokacin zafi, amma ba a tafasa kunun aya, kuma ƙanƙarar da ake jefawa a ciki ruwa ce da ba ku san asalinta ba. Sanyi ba ya kashe ƙwayar kwalara ko ta taifod. Mutanen Kano ba su manta da 2021 ba, lokacin da aka kwantar da mutane da yawa a asibitoci, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami. Ku sha na wanda kuka sani, kuka san gidansa, ko ku tsaya ga shayi mai zafi.

Ga maigidan 'yar'uwarmu da yake ci kullum kuwa, akwai wata damuwar da ba ta gudawa ba. Abincin sayarwa yakan ji gishiri da ɗanɗano da mai, don shi ne yake jawo ciniki. Abin da ake so babba ya ci na gishiri a rana bai kai giram 5 ba, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda yake cikin dunƙulen miya da yaji. Wanda yake ci a waje kullum cikin sauƙi zai wuce haka, kuma hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Ki rage gishiri a abincin dare, ki yawaita masa ganye da 'ya'yan itace a gida, ya riƙa cewa a rage masa mai, kuma ya riƙa auna jininsa lokaci zuwa lokaci. Idan yana zama wajen mai shayi, ya ce a kawo sukari shi zai zuba da kansa.

Masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tsofaffi da masu ciwon suga, su ne ciwon ciki ya fi kayarwa. Su dai a tsaya musu ga abin da ya fito daga wuta yanzu. Yaran makaranta kuma ki je da kanki rana ɗaya ki ga masu sayarwar, ki zaɓa musu guda, ki ce wajenta za su riƙa saye. Ki gaishe ta, ki nuna mata yaranki. Za ki sha mamakin yadda hakan yake sa a kula da su.

Idan kuma an yi rashin sa'a gudawa ta kama wani, ba ƙwaya ce farko ba, ruwa ne. Ku haɗa ruwan gishiri da sukari na fakiti a cikin lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa. Idan babu na fakiti, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe bakin cokalin, da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. A riƙa kurɓa kaɗan kaɗan, ko da ana amai. Yaro a haɗa masa da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, kuma kada a daina ba shi nono ko abinci. Ku daina rugawa kemis kuna sayen Flagyl da kanku, yawancin irin wannan gudawar ba ta buƙatarsa. Amma idan kuka ga jini a bayan gida, ko gudawa kamar ruwan wankin shinkafa, ko zazzaɓi mai zafi, ko idon yaro ya faɗa, ya kasa shan komai, fitsari ya ɗauke, to kada ku jira gari ya waye. Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin awoyi. Na ga waɗanda aka kawo a makare, kuma ba na fatan ku ga irin haka.

Na san a cikin masu karanta wannan fili akwai masu sana'ar abinci. 'Yan'uwa, murfi a kan tukunya, buta da sabulu a gefe, canza ruwan wanke-wanke, da dafa kaɗan kaɗan maimakon tuli guda, ba su kai kuɗin rasa mai saye ɗaya ba. Wanda ya zauna a bencinku amanar cikinsa ya ba ku.

Ke kuma 'yar'uwa mai tambaya, ki cire wa ranki cewa kin gaza. Matar da ta damu da abin da mijinta da 'ya'yanta suke ci a inda ba ta gani, ba ta gaza ba. Ki karanta wa maigida abubuwan nan huɗu, ki sa masa ƙaramar kula da guntun sabulu a jaka, sauran ki bar wa Allah.

Ina so in ji daga gare ku: wane mai abinci kuka amince da shi a garinku, kuma me kuka gani a wajensa da ya sa? Ku rubuto a ƙasa, amma don Allah kada a kama sunan kowa da sharri. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake adana sauran abinci a gidan da wuta ba ta zama.

Allah ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci.