Hoton ido da cutar karkarwa: ina wannan labari ya shafe mu?

Tun watan Agustan 2023 ake ta yaɗa labarin cewa hoton ido zai iya nuna cutar karkarwa, wato Parkinson, shekara bakwai kafin ta bayyana. Akwai gaskiya a ciki, amma ba yadda ake yayata ta ba.

Masu bincike na asibitin ido na Moorfields da jami'ar UCL a Landan ne suka yi aikin. Sun duba hotunan idon mutum 154,830 da suka je asibitin tsakanin 2008 da 2018, da na wasu 67,311 daga wani babban rumbun bayanan lafiya na Birtaniya. Na'urar da ta ɗauki hotunan, OCT, tana haska tantanin da ke can bayan ido, wanda yake karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. Ko minti ɗaya ba ta ɗauka, ba allura, ba zafi. Wannan tantani reshen ƙwaƙwalwa ne, shi ya sa lalacewar jijiyoyi kan bar sawu a kansa. An ga cewa a masu cutar, wasu sassansa sun fi sirancewa. Haka ma a waɗanda cutar ta bayyana musu daga baya, kimanin shekara bakwai bayan ɗaukar hoton.

To amma fa a yi hattara. Bambancin ɗan ƙanƙane ne, sai an haɗa dubban hotuna ake ganinsa. Babu likitan da zai kalli hotonka kai kaɗai ya ce maka za ka kamu. Sannan hawan jinin ido da ciwon suga su ma suna sirantar da tantanin, kuma hawan jinin ido ya fi addabar baƙar fata, alhali yawancin mutanen rumbun nan Turawa ne. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya duba maka cutar karkarwa ta ido, riƙe aljihunka.

A ganina, namu jinkirin ba na rashin na'ura ba ne. Turawa suna neman gano cutar kafin ta fito. Mu kuwa ko ta fito fili sai mu shekara muna kiranta da wani suna. Dattijo a Mile 12 ko Shasha hannunsa ɗaya na rawa in yana zaune, tafiyarsa ta koma ja da ƙafa, muryarsa ta yi ƙasa, sai a ce "ai tsufa ne", ko "jifa aka yi masa saboda kasuwarsa ta buɗe". Daga nan a sa shi a motar Kano ko Sakkwato, wai a je a yi na gida.

Abin takaicin shi ne, asibitin yana bakin ƙofarmu. Unguwar Hausawa ta Idi-Araba maƙwabciyar asibitin koyarwa na LUTH ce, inda Farfesa Njideka Okubadejo ta daɗe tana bincike a kan wannan cuta. Sabon Ibadan ba shi da nisa da UCH. Mutanenmu na Fatakwal da Benin su ma suna da asibitocin koyarwa.

Cutar ba ta warkewa, amma akwai maganin da ke sauƙaƙa ta, levodopa, wanda ke cike gurbin sinadarin dopamin da ƙwaƙwalwa ta rage samarwa. Yana da tsada, kuma ba kowane kemis ake samunsa ba. Nan ne ya kamata Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su sa hannu, kamar yadda ake karo-karo in gobara ta ci rumfuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 masu cutar sun haura miliyan 8.5, ba wanda zai ce babu namu a ciki.

Shawarata biyu ce. Wanda ya haura shekara 40 ya je a duba masa ido, domin hawan jinin ido yana makantarwa ba tare da ciwo ba. Wanda kuma ya ga rawar hannu, ƙagewar jiki ko nauyin tafiya a mahaifinsa, ya nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi tun kafin a sayi tikitin mota. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.