BAƘO RAƁA NE: RIBAR CI-RANI DA ASARARSA



An yanke hatsi, an ɗaure, an zuba rumbu. Wanda ya samu da yawa ya gode Allah, wanda ya samu kaɗan shi ma ya gode. To, yanzu ne tashoshin mota na Tawa, da Ƙonni, da Madawa, da Maraɗi, da Matamaye ke cika da samari, kowa da ɗan ƙunshinsa. Wani za shi Abijan, wani Legas, wani Akara, wani kuma ya nuhi Agadas don ya ƙetare hamada zuwa Libiya ko Aljeriya. A wasu ƙauyukan Adar, in rani ya tsaya sai ka iske tsofaffi da mata da yara kaɗai suka rage.

Ba a hana mutum biɗar abincinsa. Amma kahin ya hau mota, ya kamata ya san abin da ƙasar wasu ke ba baƙo, da abin da take karɓewa gare shi.

TAHIYAR BA TA YAU BA CE

Tun zamanin kakanni fatake ke kora jakuna da kanwa da tufa zuwa Gwanja, su sayo goro a kasuwar Salaga. Su ne suka fara kafa zango-zango a ƙasar Gana, shi ya sa har yau ana jin Hausa a zangon Kumashi da unguwar Nima ta Akara. Zamanin Nasara kuma, kuɗin haraji da aikin tilas suka ƙara tura mutane Kurmi. Cikin shekara ta 1954 wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya ɗauki silima mai suna Jaguar, inda Damure Zika da abokansa biyu suka tashi daga bakin kogin Kwara suka tahi Gana biɗa, suka komo da kaya da labari. Abin da silimar ta nuna shi ne ke faruwa har gobe. Hanyoyin kawai suka ƙaru.

ABIN DA KE JAN SAMARI

Dalili na fari shi ne rani. Damana a ƙasar nan wata 3 ce ko 4. Sauran watanni 8 babu aikin gona sai ga mai fadama ko garka. Idan saurayi ya hita, rumbun gida ya huta da baki guda, hatsin da zai ci ya zama na uwarsa da ƙannensa. Tun bai aiko da dala ba ya riga ya taimaki gida.

Na biyu kuɗi. Birnin bakin teku yana da aikin da ƙauye ba shi da shi: dako, gadi, saida shayi, tura ruwa, yankan farce, gasa tsire, saida albasar Galmi. A Abijan akwai wani abinci na garin rogo da soyayyen kihi da ake kira garba, ana kuwa cewa daga sunan ƴan Nijar masu saida shi ya samo sunansa. Ƙasar Kodibuwar tana da wani daɗi kuma: sefa ɗaya ake kashewa can da nan, jikka ta Abijan jikka ce a Tawa, babu asarar canji. A Libiya aikin gini da garka da kiwo ne, kuma ladan ya hi na gida nesa ba kusa ba.

Da wannan kuɗi aka yi aure da yawa, aka sayi shanun huɗa da amalanke, aka rufa ɗaki da kwano, aka sayi hatsi shekarar da damana ba ta yi kyau ba. Duk mai cewa ci-rani ba shi da amfani bai zauna ƙauye cikin watan Yuli ba, lokacin da rumbu ya ƙare kuma sabon hatsi bai nuna ba.

Na uku buɗewar ido. Mutum ya ga teku, ya koyo gini ko walda ko tuƙin mota, ya ji harsunan mutane. Na huɗu kuma, wanda ba a cika faɗi ba, shi ne kunya. Sa'anka ya komo da moto da babbar salula da shadda, ƴan mata na kallonsa, kai kana zaune gindin bedi. Samari da yawa wannan ce ta tashe su, ba yunwa ba.

RANAR DA MAI GIDA YA SHIGA WAHALA

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Da sahe ana ganinsa bisa ciyawa, rana na hitowa ya tahi. Muddin ƙasa na cikin wadata, ana son hannun baƙo. Ranar da tattalin arziki ya karye ko rikici ya tashi, shi ne na fari da ake nuna wa hanya. Ga abin da ya faru cikin shekaru 50 da ƴan kai.

Ran 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Kofi Busiya ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya bar ƙasar. Mutanen da suka shekara 20 da 30 can, har da waɗanda aka haifa can, suka saida rumfuna da gidaje a wulaƙance. Akwai ƴan Nijar da yawa cikinsu.

Cikin Janairu 1983, bayan kuɗin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta Najeriya ta ba baƙi marasa takarda mako 2. Wajen mutum miliyan 2 suka hita. Mahi yawansu ƴan Gana ne, amma korar ba ta bar ƴan Nijar da ƴan Cadi ba. Cikin Afirilu 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 1986, an kuma sake wata korar cikin 1985. Wannan ya zo daidai da fari mai tsanani, shi ya sa tsofaffi ke kiran yunwar shekarar El Buhari. A nan akwai abin lura: harshe ɗaya, addini ɗaya, dangi kowane gehe, amma ranar da hukuma ta tambayi takarda zumunci bai tsaya wa kowa ba.

A Kodibuwar shugaba Hufuwet Buwanyi ya buɗe wa baƙi ƙofa shekara da shekaru. Ya rasu cikin Disamba 1993. Cikin 1998 aka yi doka cewa ɗan ƙasa kaɗai ke iya mallakar hilin karkara. Cikin Satumba 2002 yaƙi ya ɓarke, aka ƙone unguwannin talakawa a Abijan inda baƙi suka hi yawa. Rikicin zaɓe na 2010 zuwa 2011 ya sake taɓa su.

A Libiya, yaƙin 2011 da ya kada Kaddafi ya zama masifa ga baƙar fata, don ana zarginsu da zama sojan haya. Hukumomin Nijar sun ƙiyasta sama da mutum dubu 200 suka komo gida, da yawa hannu wohi, wasu da albashin watanni da ba a biya su ba. Gidajen da ke jiran saƙo suka wayi gari da ƙarin baki, kuma damanar shekarar ba ta yi kyau ba.

Ko ba kora, kuɗin ƙasar wasu na iya narkewa cikin aljihu. Farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta hi dalar Amurka ɗaya daraja. Cikin 2024 sai da aka ba da sama da naira 1.500 kahin a samu dalar Amurka ɗaya. Mai shayin da ya tara naira a Kano ko Legas, in ya zo canji bakin iyaka sai ya ga gumin wata 6 ya koma ƴan jikkuna.

HANYAR HAMADA

Hanyar kudu tana cin kuɗi, ta arewa tana cin rai. Daga Agadas zuwa Dirku, zuwa Madama, zuwa Sabha, kwana da kwanaki ne bisa bayan mota, kowa riƙe da sanda da jarkar ruwa. Idan mota ta lalace ko direba ya ɓata, babu rijiya, babu inuwa.

Cikin Oktoba 2013 motoci 2 suka tashi daga Arlit za su Tamanrasat, suka mutu a hanya. Aka tsinci gawa 92 kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Ƙishirwa ce ta kashe su. Galibinsu mutanen ƙasar Kance ne, cikin jihar Damagaram, kuma bara za su. Ƙasa ta yi zaman makoki na kwana 3.

Wanda ya isa ma bai tsira ba. Tun Disamba 2014 Aljeriya ta fara maido ƴan Nijar cikin jerin motoci. Wasu baƙin kuma an sha sauke su bakin iyaka, su taka wajen kilomita 15 da ƙafa cikin rairayi kahin su kai Asamaka. A Libiya akwai gidajen da ake tsare mutum, a buge shi, a kira danginsa ta salula a ce su aiko kuɗin fansa. Sai a saida gona ko saniya a ƙauye don a karɓo wanda ya tahi neman kuɗin saniya.

Cikin 2015 an yi doka mai lamba 2015-36 da ta hana safarar baƙin haure, cikin Nuwamba 2023 aka soke ta. Soke doka bai rage wa Tenere ko taki ɗaya ba.

ASARAR DA KE CIKIN GIDA

Akwai wata asara wadda ba ta shiga rediyo. Ci-rani sunansa ci-rani, wato a ci rani a komo. Amma sau da yawa ruwan shibka ya sauka saurayi na can, yana cewa bari ya ƙara tara kaɗan. Tsoho da yara su yi shibka, noman fari ya makara, ciyawa ta ci gona. Kaka ta zo da dami kaɗan, sai tahiya ta zama tilas baɗi. Haka rani guda ke zama shekara 5.

Matar da aka bari ita ce da ruwa, da itace, da gamana, da ciwon yaro, ga zama gidan surukai ba miji. Wata ta shekara 3 ba saƙo ba saki. Yaran da aka ɗauka zuwa bara sun bar lakkol, sun bar makarantar allo. Wani kuma ya komo da cuta, ya ɓoye, bai je likita ba, ya sa wa iyalinsa.

Sa'an nan ga bashi. Da yawa kuɗin mota ma ranto shi suke, ko su jinginar da gona. Wanda ya dawo da riga mai tsada ba ya faɗin cewa su 10 suke kwana ɗaki guda, ko dare nawa ya kwana bisa kwali ƙofar kanti. Ƙannensa rigar kaɗai suke gani.

KAHIN A HAU MOTA

Wanda ya ƙudura tahiya, ga abin da ya kamata ya riƙe.

1. Takardu. Takardar haihuwa, da katin ɗan ƙasa, da katin allurar shawara, da faspo in ƙasar na bukatarsa. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan ƙungiyar damar kwana 90 ba tare da biza ba, amma Nijar ta hita daga ƙungiyar cikin Janairu 2025. Don haka a tambayi hukuma ƙa'idar ƙasar da za a je tun ana gida. In an isa, a nemi ofishin jakadan Nijar da shugaban ƴan Nijar na garin, a rubuta suna.

2. Mai masauki. Kada a tahi garin da ba a san kowa ba, kada a bi ɗan kamasho mai alkawarin aiki bisa baki.

3. Lissahi. A haɗa kuɗin zuwa, da na komowa, da na ci, da na ɗaki, da abin da ake bari a shingayen hanya. A cire daga abin da ake sa ran samu. Idan abin da ya rage bai hi abin da garkar albasa ko turkar rago 2 za su ba da ba, zama ya hi. Tun bayan farin 1984 da aka ƙarfafa noman rani, akwai ƙauyukan da garka ta tsaida samarinsu gida.

4. Aike. Kada a tara kuɗi cikin matashi ko hannun mai gida har ƙarshen shekara. Waɗanda aka kora a 1969 da 2011, abin da suka riga suka aiko gida shi kaɗai ya tsira. A aiko kaɗan-kaɗan, a maida shi akuya, hatsi, taki, ko rijiya. Wanda ya iya karatu da rubutu ya riƙe ɗan littahi, ya rubuta abin da ya aika da ranar.

5. Ranar komowa. A yanke ta gaban iyaye da mata tun ba a tashi ba, kuma ta zama kahin ruwan shibka. A bar wa iyali hatsin da zai kai su.

6. Mata da ƙananan yara kada su bi hanyar hamada, kome aka ce ana samu can. Hakimai da limamai da masu gari su faɗi haka a hili.

Ƙasar wasu kasuwa ce. Ana zuwa kasuwa a saida, a saya, a koma gida tun rana ba ta faɗi ba. Wanda ya tahi da takardarsa, ya aiko abin da ya samu, ya komo ya riƙi hauyarsa, ya ci riba biyu. Wanda ya bar gonarsa ta mutu don yana ganin ya zama ɗan gari can, ya tuna da mutanen Kumashi na 1969.

Allah ya kiyaye matahiya, ya maido su lahiya. Sai wata mai kamawa.