Zaɓen 2027: Kada mu manta da jinin da aka zubar a 2011

A watan Afrilun 2011, yayin da sakamako ya fara nuna cewa Goodluck Jonathan ne zai lashe zaɓen shugaban ƙasa, tarzoma ta ɓarke a jihohi 12 na Arewa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce cikin kwana uku an kashe mutum fiye da 800. An ƙona coci-coci da masallatai. A Bauchi an kashe masu yi wa ƙasa hidima su 10, a Zonkwa da Kafanchan kuma an yi asarar rayuka masu yawa. Rikicin da ya fara kan ƙuri'a ya rikiɗe ya koma na addini da ƙabilanci.

Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Sheikh Ahmed Lemu, ya miƙa rahotonsa a shekarar. Amma har yau talaka bai ga wani babba da ya je gidan yari saboda wannan jini ba. Nan gizo yake saƙa. Muddin ɗan siyasa ya san zai raba wa matasa kuɗi da ƙwaya ya kwana lafiya, to gobe ma zai sake.

Gaskiya ne a 2015 an samu sauƙi. 'Yan takara sun sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja, kwamitin Janar Abdulsalami Abubakar ya yi ƙoƙari, Jonathan kuma ya kira Muhammadu Buhari ya taya shi murna kafin a kammala sanar da sakamako. Sai dai ƙasa ba za ta dogara da dattakun mutum ɗaya ba.

Tun 2008 kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Uwais ya ba da shawarar kafa hukumar hukunta laifukan zaɓe. Har yanzu ba a kafa ta ba. Doka ta ɗora wa INEC gurfanar da masu laifi, alhali ba ta da ikon kama kowa.

Ya kamata Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta kammala wannan aiki kafin 2027. Kai kuma mai karatu, duk ɗan takarar majalisa da ya zo neman ƙuri'arka, ka tambaye shi matsayinsa a kai. Saƙon tunzuri kuwa, in ya shigo wayarka, to ya tsaya a kanka.