Wasan Kwaikwayo Na Kan Tebur Ya Shiga Intanet: Ta Ina Sabon Shiga Zai Fara?

Akwai wani irin wasa da ya yi shekara 50 da ɗoriya da kafuwa a Amurka da ƙasashen Turai, wanda a yau intanet ta kawo shi har ƙofar gidan duk mai wayar hannu. Ana ce da shi wasan kwaikwayo na kan tebur. Ba shi da dandamali, ba shi da 'yan kallo, kuma ba a haddace magana kafin a fara. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna, ɗaya ya zama jagora mai ba da labari, sauran kuwa kowa ya ɗauki matsayin wani gwarzo a cikin labarin. Bambancinsa da tatsuniya shi ne, a nan masu sauraro su ne ke yanke abin da gwarazan za su yi, jagora kuma ya faɗi abin da ya biyo baya.

Tushen wasan yana komawa ga wasannin dabarun yaƙi, irin wanda sojojin Farusha suka karɓa a 1824 don horar da hafsoshinsu a kan taswira. A 1974 ne wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons ta hannun kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wiskonsin. Ƙananan littattafai uku ne a cikin kwali, kuma kwafi 1,000 aka buga da farko. Abin da suka sabunta shi ne, maimakon mutum ya ja runduna, sai ya ja mutum ɗaya tak, mai suna da hali da buri. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, ya fitar da bugu na biyar na wasan a 2014, ya kuma yi masa gyara a 2024.

Ka'idar wasan ba ta da wuyar ganewa. Kowane gwarzo yana da takarda mai ɗauke da maki a kan abubuwa shida, watau ƙarfi, da zafin nama, da juriya, da basira, da hikima, da kwarjini. Idan ɗan wasa ya ce gwarzonsa zai haura ganuwa, sai jagora ya ƙayyade wuyar aikin, a ce 15. Sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska 20. In ta ba da 12, gwarzon kuma yana da ƙarin maki 3 saboda ƙarfinsa, to, ya kai 15 ke nan, ya haura. In bai kai ba, jagora ya faɗi yadda ya zame, ko yadda masu gadi suka ji motsinsa, labari ya ɗauki wata hanya.

A da sai an haɗu a ɗaki ɗaya. Yanzu kuwa akwai abin da ake kira teburin intanet, watau shafi ko manhajar da ke nuna wa kowa taswira ɗaya, ta jefa ƙwaya, ta kuma ajiye takardun gwaraza. Fantasy Grounds ta fito a 2004, Roll20 a 2012, Foundry kuma a 2020, shekarar da annobar korona ta kulle mutane a gidajensu, 'yan wasa da yawa suka ƙaura zuwa intanet. Ana iya buɗe Roll20 a yi wasa kyauta. Foundry kuwa sayenta ake yi sau ɗaya, kuma jagora kaɗai ke biya. Wajen magana da juna, galibi Discord ake amfani da ita, wadda ta fito a 2015.

To, ta ina za a fara? Shawara ta farko ita ce kada sabon shiga ya kashe ko kwabo. Kamfanin da ke da Dungeons & Dragons ya saki ƙa'idojin farko kyauta a shafin D&D Beyond, kuma sun isa a yi watanni ana wasa da su. Na biyu, ya kalli yadda wasu ke yi kafin ya shiga. Shirin Critical Role, wanda aka fara watsawa a 2015, yana nan a YouTube, sai dai a tuna masu yinsa ƙwararrun 'yan wasan murya ne, saboda haka kada a auna kai da su. Na uku, ya nemi wasan zama ɗaya, wanda ake farawa a gama cikin awa uku ko huɗu, kafin ya ɗauki alkawarin dogon labari mai cin watanni. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Neman abokan wasa shi ne wurin da aka fi tuntuɓe. Roll20 tana da wurin cigiyar 'yan wasa, kuma jagorori da dama sukan rubuta cewa suna maraba da sababbi, wasu kuma kuɗi suke karɓa. Amma mai zaune a Kano ko Jos ya lura da agogo: ƙarfe 7 na yamma a birnin Niyok, sha biyun dare ne ko ƙarfe 1 a Nijeriya, gwargwadon lokacin shekara. Ingila kuwa ko dai agogo ɗaya ne da na nan, ko ta kasance baya da awa ɗaya, saboda haka rukunin Turai ya fi sauƙin bi. Mafi sauƙi duka shi ne a tara abokai uku ko huɗu da aka sani, ɗaya ya daure ya zama jagora. Littattafan da Turanci suke, amma babu abin da ya hana a yi wasan da Hausa, a kafa labarin a ayarin fatake tsakanin Kano da Gwanja, ko a ƙofar wani birni mai ganuwa.

Matsalar wuta da tsadar data ma tana da magani. Ba dole ne a kunna bidiyo ba, murya kaɗai ta wadatar, kuma ta fi sauƙin ci. Har ila yau akwai masu yin wasan a rubuce, kowa ya aika da abin da gwarzonsa zai yi lokacin da ya sami sarari, ko da a WhatsApp ko Telegram ne. Wannan yana tafiya a hankali, amma yankewar layi ba ta ɓata shi.

Iyaye kuma suna da hakkin tambaya. A shekarun 1980 an yi ta ce-ce-ku-ce a Amurka, inda wasu iyaye da majami'u suka zargi wasan da koyar da tsafi. Gaskiyar magana ita ce, Dungeons & Dragons cike yake da labarin sihiri da dodanni, ko da yake a baki kawai suke. Wanda wannan bai kwanta masa ba yana da zaɓi, kamar Traveller na 1977, wanda labarinsa na fatauci da tafiye-tafiye ne a sararin samaniya. Game da caca kuwa, ba a sa kuɗi, kuma babu wanda ke cinye wani, domin 'yan wasan duk ɓangare ɗaya suke. Duk da haka, malamai suna da magana a kan wasannin jefa ƙwaya, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya kamata ya tambayi malaminsa. Akwai ma wasannin da ba a jefa komai, irin su Amber na 1991.

Daɗin daɗawa, rukuni na kirki yakan yi zaman share fage kafin a fara, a daidaita kan rana da lokaci, da tsayawa don salla, da abubuwan da ba a son ji a cikin labari. Rukunin da ya ƙi wannan zama, ko jagoran da ke wulakanta sabon shiga, a bar shi tun da wuri. Kada a ba baƙo lambar waya ko adireshin gida, kuma yaro kada ya shiga rukunin da iyayensa ba su san da shi ba.

Wanda ya amsa zai zo ran Asabar, ya sani mutum huɗu ne suka ajiye harkokinsu suna jiransa, domin rashin cika alkawari ya fi kowane dodo kashe irin wannan wasa. Wanda kuma ya ga wasan ya fara cin lokacin karatu ko sana'a, to, ya ja linzami, domin kowane allazi da nasa amanu. Allah Ya sa a dace.