FILIN MANOMA DA MAKIYAYA: Darasin farar mesa

Wani lokaci jar akuya da jan bunsuru su haifi baƙin ɗa. Mai garke ya riƙe baki, ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Sai ya kai uwar kasuwa, ya bar bunsurun cikin garke. Masu kiwon macizai a Amurka sun san dalilin wannan al'amari, kuma saninsu yana da amfani ga mai bisashe.

A ƙasashen Gana, Togo da Binin akwai wata ƙaramar mesa marar dafi, wadda ke dunƙulewa in ta tsorata. Ana kai ta Amurka da Turai, mutane na kiwonta cikin gida don sha'awa. Launinta baƙi-baƙi ne da zanen ruwan ƙasa. Amma jefi-jefi a kan samu zabiya cikinsu: fara da rawaya, ido ja. Irin wannan ta fi tsada nesa ba kusa ba. A shekarar 1992 wani Ba'amurke mai suna Bob Clark ya fara samun ƙyanƙyasar zabiyar wannan mesa a wurin kiwonsa.

Ga yadda abin yake. Kowace halitta tana karɓar ƙwayar gado biyu a kan launi, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Ƙwayar launin da aka saba gani mai rinjaye ce. Ƙwayar zabiya mai ɓuya ce: ba ta fitowa fili sai ta haɗu da ƴar'uwarta.

In aka haɗa zabiyar mesa da wadda ba ta da wannan gado, ɗiyan duka za su fito da launin da aka saba. Amma kowane yana ɗauke da ƙwayar zabiya ɓoye. In aka haɗa biyu daga cikin waɗannan ɗiya, a cikin huɗu ana sa ran ɗaya zabiya, biyu masu ɗauke da gadon a ɓoye, ɗaya kuma babu shi sam. Ido ba ya bambanta ukun nan na ƙarshe.

Mai son ya gane zai iya gwadawa a gida. A samu ƙwarya biyu, ɗaya ta uba, ɗaya ta uwa. A sa baƙar tsakuwa da fara cikin kowace. A rufe ido, a ɗauko guda daga nan, guda daga can, a duba, a mai da. In an yi sau 40, wajen sau 10 fari da fari za su haɗu. Ba dole ne a samu ɗaya daidai cikin kowane huɗu ba. Sai an yi da yawa lissafin ke fitowa.

Wannan sani ya daɗe. Wani malamin addinin Kirista mai suna Gregor Mendel ya bayyana shi a shekarar 1865, bayan gwaji da waken Turai a lambu. Ya ƙirga tsiro 705 masu furen shunayya, 224 masu farin fure. Wato wajen uku ga ɗaya.

Darasi na farko ga makiyayi: gado mai ɓuya daga gefe biyu yake zuwa. In irin wannan launi ko wani aibi ya fito ga ɗan akuya, uwa tana ɗauke da shi, bunsuru ma haka. Uwa tana haihuwar ɗaya ko biyu, bunsuru kuwa shi ke barbarar garken duka. Wanda ke son jar akuyar Maraɗi tsantsa, wadda fatarta ta yi suna har Turai, sai ya fara duba bunsurunsa. Ba kowane launi ke bin wannan hanya ba, don haka a shawarci ma'aikacin kiwo.

Darasi na biyu: masu macizai suna haɗa uba da ɗiyarsa da gangan, don su tono abin da ke ɓoye. Amma wannan hanya ba launi kaɗai take tonowa ba, har da nakasa da rashin ƙarfi. A canza bunsuru, rago ko bajimi tun ɗiyansa mata ba su kai barbara ba. A yi musaya da wani ƙauye mai nisa. A rubuta cikin littafi wace akuya ta haifi me, da wane bunsuru. Ga amfanin yaƙi da jahilci nan.

Darasi na uku ya fi sauran nauyi. Ɗan Adam ma haka yake gadon zabiyanci. In aka haifi zabiya a gida, uba da uwa ne suka ba shi ƙwaya guda-guda, ko da cikinsu babu zabiya. Babu dalilin zargin mace, balle a kore ta. Yaron yana bukatar hula mai faɗi, riga mai dogon hannu, da zama cikin inuwa, domin rana na cin fatarsa. A lakwal a zaunar da shi gaba, kusa da allo, saboda raunin idonsa.

Allah ya albarkaci garke, ya raya zuri'a.