Wace Nasara Kake Koya wa Ɗanka?

Ya kai mahaifi, ranar da aka yi gasar guje-guje a makarantar firamare, ɗanka ya dawo gida buɗu-buɗu da ƙura, wace tambaya ce ta fara fita daga bakinka? Yawancinmu a nan Illela "Ka zo na nawa?" muke cewa. Ba ma tambayar ko ya sha ruwa, ko me ya sa yake ɗingishi. Da wannan ɗabi'a nake jayayya, domin daga nan cutar take somawa.

Yaro ɗan shekara bakwai bai san darajar lambar zinariya ba, fuskar ubansa ya sani. In ya lura ba a sakar masa fuska sai ya zo na ɗaya, zai koyi ɓoye ciwo. Zai yi ta gudu a ranar Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ƙasar Sakkwato, har jiri ya kwashe shi. In ya tasa, wani zai miƙa masa ƙwayar tramadol, ya ce tana hana gajiya. Raɗaɗi kawai take rufewa, raunin yana nan yana ƙaruwa. Tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, tana danne numfashi, kuma wanda ya saba da ita da wuya ya rabu da ita. Tun 1 ga Janairun 2024 aka haramta ta a lokacin gasa a wasannin duniya.

Za ka ce duniya ba ta tunawa da na biyu. To, tsallaka iyaka zuwa Birnin Ƙonni ka ambaci Abdoulrazak Issoufou Alfaga. Azurfa ya samo wa Nijar a wasan tekwando a Rio a 2016, kuma har yau ana alfahari da shi. Mu ma a Sidni a 2000, 'yan gudun ba-ni-in-ba-ka na Najeriya na biyu suka zo a bayan Amurka. Daga baya Antonio Pettigrew ya amsa cewa ya yi amfani da magungunan ƙara kuzari, aka ƙwace zinariyar, aka mayar wa Najeriya a 2012. Sunday Bada, ɗaya daga cikin 'yan gudun, ya rasu a 2011 bai riƙe ta ba, amma sunansa ya tsira da mutunci. Ita kanta lambar azurfa ce aka shafe da zinariya, wajen giram 6 kacal. A kan wannan za ka sayar da lafiyar ɗanka?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya motsa jiki sosai aƙalla minti 60 kullum. Ba ta ce sai ya ci gasa ba. Bar shi ya yi langa, ƙwallo ko kokawa da sassafe ko bayan la'asar, da ruwan sha a kusa. Kada a hana 'ya mace nata rabon. In ya yi jiri, amai ko ciwon kai, a tsayar da wasa, a kai shi inuwa. In kansa ya bugu har ya rikice, asibiti za a nufa nan take.

Idan kuwa ya dawo da kashi a gindi, ka yaba masa da ya tashi ya ba abokin karawarsa hannu. Lafiya uwar jiki ce, kuma gasa tana nan baɗi.